Gidan Bakin Kududdufi

Abu ɗaya Na'ima ta tambayi mijinta ranar da ya zo ƙauye da labarin ya samu ɗaki a birni. Ba ta tambayi girman ɗakin ba, ba ta tambayi ko akwai wutar lantarki ba. Ta bari har ya gama cin tuwo ya wanke hannu, sannan ta ce, kanta a ƙasa, "Ruwan fa?"

"Rijiya ce a tsakar gidan," in ji Usaini. "Ba sai kin fita ko'ina ba. Kawu da kansa ya duba."

Da ya ambaci Kawu, magana ta ƙare. Kawu Gali ƙanen mahaifiyar Usaini ne. Shi ya ɗauke shi daga bin shanu ya kai shi rumfarsa ta jakunkuna da takalman fata a Kasuwar Kurmi. Tun aurensu Usaini yana Kano, Na'ima tana ƙauye, sai sallah ta zo su ga juna.

Ita dai ba birnin ne ya dame ta ba. 'Yarta ce. Sunan yarinyar Hadiza, sunan mahaifiyar Usaini aka sa mata, shi ya sa kowa ke kiranta Uwa. Ita ce 'yar fari, kuma a danginsu 'yar fari ta kaka ce. Ana yaye ta kakar ke ɗauka, in ta ɗauka kuwa ta ɗauka ke nan, a ɗakinta za ta girma har a kai ta gidan miji. Wadda ta haifa ba ta da bakin magana. Ko sunan yarinyar ba ta kamawa a gaban mutane, sai dai ta ce "'yar nan" ko "waccan". Uwa ma da ta fara magana, Adda, wato yaya, take ce wa Na'ima, kamar yadda ta ji ƙannen gida suna faɗa.

Lokacin yaye kakar, Nana Hadiza, har ta gyara wuri a gadonta. Usaini ne ya durƙusa ya roƙe ta. Ya ce ta yi haƙuri, birni zai kai su, ya sa yarinyar a makaranta. Tsohuwar ta ce, "In birnin ya karɓe ta, to. In bai karɓe ta ba, ɗakina yana nan."

Na'ima tana bayan zana tana tankaɗe a lokacin. Ba ta ɗago ba, amma babu kalmar da ta wuce ta.

Cikin zafin bazara suka iso unguwar Koki. Motar ba ta iya shiga lungun ba, sai a baro aka ƙarasa da kaya, Uwa a kafaɗar ubanta, Na'ima tana jan akuyarta da igiya. Gidan tsohon ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, ɗakunan haya a jere. Bayan katangarsa akwai kududdufi, ruwansa kore shar, leda da shara sun rufe bakinsa. Jingine da katangar kuma ga wani dogon ɗaki inda masu fata ke zube ɗanyun fatun da suka sayo daga mayanka, suna barbaɗa musu gishiri. Warin ne ya fara yi musu sannu da zuwa.

"Za ki saba," in ji Usaini a hankali. "Ni yanzu ko ji ba na yi."

Kawu Gali yana tsakar gida yana jiran su. Bayan gaisuwa ya naɗe hannun rigarsa, ya zura guga a rijiya da kansa, ya juye ruwan a wani tsohon kwano.

"Kawo akuyar nan," ya ce. "Mu tun kakanni, in aka sauka sabon mashekari da shanu, dabba ake fara ba ruwa. In ta sha, mutum ya sha. In ta kau da kai, a naɗe kaya a yi gaba."

Akuyar ta sa baki, ba ta ɗago ba sai da ta shanye, ta bi kwanon da lasa. Kawu ya yi dariya ya dubi Usaini.

"Ka gani? Har da lashe kwano."

Na'ima ta kamfata da hannu ta kurɓa. Ruwan da zartsi, akwai kuma wani ɗan ɗaci da ya tsaya mata a maƙogwaro. Kawu ya ga fuskarta.

"Zartsi ne, 'yata, irin na kanwa. Ba kanwar muke saya mu ba shanu don su yi ƙiba ba? Ke kin samu kyauta."

Ta ce, "To, Kawu."

Matan gidan 'yan birni ne, bakinsu da sauri, dariyarsu a kusa. In Na'ima ta yi magana sai su maimaita yadda ta faɗa. Ba da mugunta ba, amma ita sai ta ji kamar ta nutse. Don haka ta mai da ɗiban ruwanta da sassafe, ana idar da sallar asuba, kafin kowa ya fito. Randarta ma a cikin ɗaki ta girke ta, bayan ƙofa. Ba ta taɓa lura cewa sauran matan wanki da wanke-wanke kawai suke yi da ruwan rijiyar ba. Tana ganin mai kurar ruwa yana shigo da jarkoki, ta ɗauka ƙyuyar jan guga ce irin ta mutanen birni.

Mutum ɗaya ce ba ta ƙyale ta ta ɓuya ba: 'Yardada, tsohuwar da ke ɗakin kusa da zaure, mai sayar da ɗanwake. A gidan aka haife ta, ta yi aurenta ta dawo.

"Ke Fillo, bakin naki na aro ne kike tattalinsa haka?" take cewa in Na'ima ta zo wucewa. "Ko gaisuwar ma sai an auna da ludayi kamar nono?"

Na'ima sai ta yi murmushi ta durƙusa. "Ina kwana, Iya."

"Na kwana. Ina ƙawata? Turo min ita, ita ta fi ki baki."

Ba a daɗe ba Uwa ta fara kama ciki. Yau ta ci, gobe ta ture kwano. Ƙuraje suka feso mata a wuya da ƙafafu. Wuyanta ya yi tsawo, warwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Na'ima ta jiƙa mata saiwoyin da ta taho da su daga gida, a cikin ruwan randar nan, ta ba ta.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci Kawu yakan biyo. Tun daga zaure yake kira, "Ina amaryata? Yau ma ba a yi min girki ba? To na fasa auren." Uwa takan taho da gudu ta faɗa jikinsa. Wata Juma'ar ba ta taso ba, tana kwance a tabarma ta miƙo masa hannu kawai.

"Canjin wuri ne," in ji shi, yana shafa kanta. "Ko maraƙi aka canja wa gari sai ya rame kafin ya murmure. Ko da wani abu, 'yata?"

Wace ce ita da za ta zauna gaban kawun miji tana lissafa ciwon 'yar fari? Ta ce, "Babu komai, Kawu."

Wani hantsi Uwa ta fita da moɗa a hannu ta zauna kusa da 'Yardada. Tsohuwar ta ce, "Marowaciya, ke kaɗai za ki sha? Sam min." Ta karɓa ta kurɓa don wasa. Nan take ta tofar. Ta dubi moɗar, ta dubi yarinyar, ta miƙe ba ta ko nemi takalminta ba, ta ɗaga labulen Na'ima.

"Fillo, wannan ruwan daga ina?"

"Na rijiya ne, Iya."

"Wace rijiyar? Wannan ta tsakar gida? Shi kuke sha?"

Na'ima ta gyaɗa kai.

"Tun zuwanku?"

Ta sake gyaɗa kai.

'Yardada ta nemi bakin gado ta zauna. "Yarinya, ruwan da ko sabulu ba ya son yin kumfa a ciki? Mu da aka binne cibiyarmu a gidan nan mun daina shan sa tun da aka fara jibge fatu a bayan katanga. Duk ruwan gishirin da jinin nan ina kike zaton yake zuwa? Ga masai na maƙwabta a jikin bango, ga kududdufi. Duk a ƙarƙashin ƙasa suke gaisawa da rijiyar nan. Wa ya ce miki a sha?"

"Akuya ta sha," in ji Na'ima, muryarta can ƙasa. "Kawu ya gwada."

'Yardada ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya mata a rabi, don ta ga idon Na'ima. "Akuya in ta ji gishiri ko a jikin bango ne sai ta lasa," ta ce. "Gishirin ta bi. A daji dabararku tana ci, don a can ba mai zuba komai a ƙasa. Nan Kano ce."

Na'ima ta durƙusa a gabanta. Abin da ta faɗa ya fi duk maganar da ta taɓa yi a gidan tsawo. Ta gaya mata zancen yaye, da gadon da Nana Hadiza ta gyara, da sharaɗin da ta kafa. "Don Allah, Iya, kada Kawu ya ji. In ya ji, Nana ta ji. In ta ji, za ta zo ta tafi da ita."

"Ni ba ruwana da kai rahoto," in ji 'Yardada. "Amma tashi ki zubar da randar nan yanzu, ina kallo."

Da yamma Na'ima ta gaya wa Usaini zancen rijiyar. Ya daɗe yana kallon yarinyar da ke barci. Shi wuni yake a kasuwa, ruwan leda yake sha a can, bai taɓa kawo komai a ransa ba. Washegari mai kura ya fara sauke musu jarka kamar kowa. Shi ma bai gaya wa Kawu ba. Da wane baki zai ce wa mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa, gidan da ka zaɓa mana ne ke cin yarinyar?

Juma'ar da ta biyo Na'ima ta kawo wa Kawu ruwa a kofi. Ya sha ya yi hamdala. "Kun ji ko? Na ce muku zartsin zai faɗa. Yanzu ga shi kamar na gulbi."

Usaini ya sunkuyar da kai. Na'ima ta karɓi kofin ta fita.

Uwa ta ɗan farfaɗo. Ta koma cin ɗanwaken 'Yardada, tana yi mata gardama a kan yaji. Na'ima ta fara jin abin ya wuce, har ta tambayi wata maƙwabciya inda ake ɗinka kayan makaranta.

Sai damina ta sauka.

Ruwan farko kududdufin ya cika. Na biyu ya tumbatsa. Rariyar da aka yi don ruwan gida ya fita, ita ta zama ƙofar shigowar na waje. Baƙin ruwa mai yauƙi ya malalo tsakar gida da ledoji da guntayen gashin fata, ya kwanta har bakin ɗakuna. In ya janye sai ya bar laka mai wari, ƙudaje su rufe ta. Bangon ɗakinsu ya jiƙe daga ƙasa, wani farin abu kamar gari ya riƙa fitowa a jikinsa. Matan gidan sun saba, su ɗage zani su bi ta kan bulon da aka jera.

Na'ima ta koma goya Uwa, yarinyar da ta isa aike. Da ita a baya take girki, da ita take shara, ƙafafunta suna reto har cinyoyinta.

"Fillo, sai yaushe za ki sake yaye ta?" in ji wata daga cikin matan, sauran suka kwashe da dariya.

Ta ƙara ɗaure goyonta. Amma mutum ba ya sallah da ƙatuwar yarinya a baya kullum. Wata la'asar ta sauke ta a kan gado ta ta da kabbara. Tana raka'a ta biyu ta ji motsin labule. Kafin ta sallame ta fito, Uwa tana tsugune a tsakiyar ruwan tare da yaran gidan, suna tura murfin kwano wai jirgi ne, hannunta ɗaya a baki.

Ta wanke ta da ruwan jarka da sabulu har yarinyar ta yi kuka. Bai hana ba. Washegari da hantsi amai ya fara, gudawa ta biyo. Kafin azahar idanun Uwa sun faɗa, in an kira ta sai ta buɗe su rabi. Usaini yana kasuwa. Na'ima ta tsaya a bakin ƙofa da yarinyar a hannu, ta rasa wa za ta kira.

'Yardada ce ta gan ta. Ta bar tukunyarta a kan wuta ta ja mayafi. "Wuce mu tafi. Kunyar taki ki bar ta a nan, ma ɗauka in mun dawo."

A asibiti aka yi ta neman jijiya a hannun Uwa, daga ƙarshe a ƙafa aka samu, aka ɗaura ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar ta tambayi unguwarsu da irin ruwan da suke sha, 'Yardada ta amsa duka. Na'ima tana zaune a ƙasa gefen gadon, ta riƙe ɗan yatsan ƙafar yarinyar, tana kallon ruwan yana ɗiga. Usaini ya iso a guje, Kawu na bayansa, ya rufe rumfa. A barandar asibitin Kawu ya ciro waya ya kira ƙauye. Ba wanda ya hana shi. Ba abin da za a ɓoye kuma.

Allah ya yi da sauran kwana. Ranar da aka sallame su, Nana Hadiza tana gidan tana jira. Ta karɓi jikarta ta duba idonta, ta duba harshenta, ta kwantar da ita. Sannan ta ɗauki sandarta ta fita ita kaɗai. Ta leƙa rijiya. Ta tsaya a kan rariya. Ta zagaya bayan gida ta daɗe a can. Da ta dawo ta goge ƙafarta a dokin ƙofa ta zauna a tabarma, Kawu a gefenta, Usaini a durƙushe, Na'ima a lungun ƙofa.

Usaini ne ya fara. Ya faɗi zancen rijiyar, ya ce tuni sun daina sha. Kawu ya ɗago ya dube shi. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Zan sa a ɗaga dokin ƙofar da siminti, Nana," in ji Usaini. "Kuma ina neman wani ɗakin, can wajen Shahuci. An ce in damina ta wuce ana samu. Ki ƙara mana lokaci kaɗan."

"Ruwan sha ana saya," in ji Nana Hadiza. "Ƙasar da za ta taka fa, ita ma saya za ka yi? Kai da safe kake fita, sai magariba. Ba kai zan tambaya ba." Ta juya. "Na'ima."

"Na'am, Nana."

"Ke kike wuni a gidan nan. Ban zo in ƙwace miki komai ba, Allah ya sani. In kin ce min za ta zauna lafiya zuwa ƙarshen damina, gobe in hau mota ni kaɗai. Gidan nan na zaman yaro ne?"

Usaini ya waiwayo yana kallonta, idonsa yana roƙo. Kalma ɗaya ce, kuma ta san tsohuwar ba ta saɓa magana. Ta dubi gado. Uwa tana barci, bakinta a ɗan buɗe, ga tabon allura a ƙafarta. Daga waje ana jin iska ta fara kaɗawa, mata suna kiran yara su kwashe shanya, wani hadarin ya haɗo.

"A'a, Nana," ta ce. "Ba na zaman yaro ba ne."

Usaini ya rufe fuskarsa da hannu.

Nana Hadiza ta gyaɗa kai a hankali. "Allah ya yi miki albarka. Ke ki zauna da mijinki, ya gaji da cin abincin kasuwa. In kun samu wurin kirki, sai a yi magana."

Kowa a ɗakin ya san ba a taɓa zuwa ɗakin kaka an ɗauko 'yar fari ba. Ba wanda ya faɗa.

Da safe Na'ima ta ninke kayan Uwa ta zuba a jaka. Ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta tsefe kanta ta yi mata kitso ƙanana, tana yi a hankali kamar wadda ba ta iya ba. 'Yardada ta kawo ɗanwake a ƙullin leda ta cusa a jakar. "Ki ci a mota, marowaciya, kada ki ba kowa." Ta juya da sauri ta koma ɗakinta ta saki labule.

Usaini ya ɗauki yarinyar, Nana Hadiza ta yi gaba da sandarta. Ba a raka 'yar fari, don haka Na'ima ta tsaya a cikin zaure, inda duhu ya ɗan rufe ta. Sun kai bakin lungu Uwa ta leƙo ta kan kafaɗar ubanta.

"Adda, ba ki sa mayafi ba."

"Ku yi gaba," in ji Na'ima. "Ina nan tafe."

Yarinyar ta yarda. Ta mai da kanta ta kwantar. Suka bi ta kan bulon da aka jera a cikin laka, ɗaya bayan ɗaya, har suka sha kwana.

Na'ima ta daɗe a zauren. Masu wucewa suna yi mata sallama tana amsawa. Da rana ta ɗaga, ta koma ciki. Ruwan jiya ya bar laka har bakin ɗakinsu. Ta ɗauki tsintsiya ta sunkuya, ta fara turawa wajen rariya.